Hilux Ɗin da Ta Kusa Cinye Inji Biyu

Da igiya aka jawo ta gareji. Tsohuwar akori-kura ce, Toyota Hilux ƙirar 1994 mai jan taya huɗu, irin wadda lambar shasinta ke farawa da LN106. Injin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a cikinta har ranar: 3L na dizal, silinda huɗu, lita 2.8, babu turbo, babu kwamfuta. Mai ita bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce, "Malam, injin nan ya gama yawo. A sauke shi a ɗora wani, aiki na jira na."

Na tambaye shi yadda abin ya faru. Ya ce yana hawan wani dogon tudu da kaya, sai ya ji ƙarfi na raguwa, ya ƙara taka totur, can sai farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, inji ya yi shiru. Na ce allurar zafi fa? Ya rantse ba ta taɓa kai ja ba. Na gyaɗa kai na wuce. Da na tsaya a kan wannan maganar tun a lokacin, da mun huta da wahalar da ta biyo baya.

Alamomin ba su ɓuya ba. Baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri, shaidar ruwa ya shiga cikinsa. Da ƙyar injin ya tashi, kuma kafin minti ɗaya tiyon sama na lagireto ya yi tauri kamar dutse alhali ruwa bai ko ɗumama ba, kumfa na ta ɓulɓulowa daga baki. Iskar ƙonewa ce ke kutsawa hanyar ruwa. Muka kwance fulogin hita guda huɗu, masu ɗumama silinda kafin a tayar da inji, muka auna matsin kowace silinda. Littafin gyaran wannan inji ya ce lafiyayye zai ba da kilo 32 a kan kowace murabba'in santimita, kada ya gaza 20, kada kuma bambancin silinda da silinda ya wuce 5. Ta ɗaya da ta biyu sun tsaya a wajen 26, ta huɗu 22, ta uku kuwa 15.

Da muka ɗaga kan inji, sai ga tsaga a silinda ta uku, siririya kamar gashi, ta taso daga tsakanin bawul biyu ta nufi bakin ƙaramin ɗakin ƙonewa. An taɓa kankare kan a baya, ana ganin sawun injin kankara. Bangon silinda ta uku da ta huɗu ya karce, fistin ya bar fatarsa a jiki, metal ɗin karanshaf kuma, wato shimfiɗar ƙarfen da yake juyawa a kai, ruwa ya cinye su har jan ƙarfe ya fito. A nan ne yarona ya kwance gidan tamosta, ƙofar da ke daidaita zafin ruwan inji, ya ɗaga mini shi, ya ce, "Oga, babu komai a ciki fa." Na ce ai da ma ana cirewa, ya ajiye shi gefe. Alama ta biyu ke nan da na tsallake a rana ɗaya.

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu. Ko a farfaɗo da tsohon: a faɗaɗa silinda, a sa manyan fistin da ringi, a gyara karanshaf, a sayo sabon kai. Ko a nemo wani 3L ɗin na hannu. Ko a ɗora ƙanensa 5L. Ko kuma a bi abin da zuciyar mai motar ta fi so, wato a tsallaka zuwa 1KZ-TE ko 2KD-FTV masu turbo, don ya ga motocin da ke wuce shi a tudu kamar yana tsaye.

Na hana shi na ƙarshen, kuma har yanzu ban sauya ra'ayi ba. Waɗannan injuna ba sa motsi sai da kwamfutarsu da damin wayoyinsu da na'urorin aunawa, bakin giyabos ɗinsu dabam ne, mazauninsu dabam, salansa da hanyar iska duk sai an ƙera sababbi. Shi 2KD-FTV ma yana harba mai da matsin da ya haura bar dubu ɗaya a ma'aunin matsi, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin dizal kan iya lalata masa injekta. Ana yin irin wannan dashe kuma yana kyau a hannun wanda ya iya, amma motar da ta fito daga cikinsa ba kowane bakanike ne zai iya taɓa ta a bakin hanya ba. Darajar tsohuwar Hilux kuwa ita ce waya ɗaya tak famfon man injinta ke buƙata kafin ya yi aiki. Farfaɗo da tsohon ma da shi na fi so, sai dai ɓarnar ta yi yawa, ga mai mota na ƙirga kwanaki.

Muka tsaya a kan 5L. Gida ɗaya suka fito da 3L, zuriyar injunan L da Toyota ta fara a 1977. Tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, milimita 96. Faɗin silinda ne ya bambanta, na 3L milimita 96, na 5L 99.5, shi ya ɗaga shi daga cc 2,779 zuwa 2,986 a awon girman inji. Ƙarin ƙarfin bai taka kara ya karya ba, na kuma gaya wa mai motar haka don kada ya sa rai. Amfanin shi ne yana zama a mazaunin tsohon, yana kama bakin giyabos ba tare da walda ba. Tarko ɗaya ne a nan: akwai 5L, akwai 5L-E. A ido kamar tagwaye suke, amma famfon 5L-E kwamfuta ke sarrafa shi. Wanda ya sayo shi tsirara ba kwamfuta ba wayoyi, ya sayo jibgin ƙarfe, sai in zai sauya famfon. Duba jikin famfo kawai zai gaya maka: idan soket-soket sun yi masa yawa, mai E ne.

Wanda muka samu daga jikin bas ƙirar Hiace aka ciro shi. Ban yarda da wankin da mai sayarwa ya yi masa ba, don inji mai sheƙi a waje ba ya faɗin komai game da cikinsa. Muka juya shi da hannu zagaye biyu, muka haɗa masa batir a ƙasa muka auna matsi, duka huɗun suna tsakanin 29 da 30. Muka sauke kaskon baƙin mai, babu garin ƙarfe, muka buɗe metal ɗaya, lafiya lau. Na ɓata yini guda ina tuhumar sabon inji. Motar da za a sa shi a ciki kuwa ko minti goma ban ba ta ba.

Dashen kansa aikin haƙuri ne, ba na dabara ba. Inji ɗaya kan sa tufafi dabam-dabam gwargwadon motar da aka ɗora shi. Kaskon baƙin mai na bas ba ya zama a kan motar da ke da gatari a gaba, tulun difiransha zai doke shi da zarar an faɗa rami. Sai muka ɗauko kaskon tsohon 3L, tare da bututun tsotso da sandar awon mai, don ukun nan tafiyarsu ɗaya: in ka haɗa kasko da sandar da ba tasa ba, awonka ƙarya zai riƙa yi maka. Muka wanke su da kyau saboda gurɓataccen man da suka sha. Haka muka kwaso ƙafafun mazauni, da bututun shan iska da na fitar hayaƙi, da fulawil, da na'urar da ke aika zafin ruwa zuwa allura, don ta dace da agogon da ke gaban direba. Tun da giyabos na ƙasa, muka sa sabon farantin kuloci da sabon sil na bayan karanshaf. Wanda ya yi rowar sil ɗin nan, sai ya sake sauke giyabos saboda ɗigon mai.

Tayimin bel, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin, ba na tsayawa ciniki a kansa. Ba wanda ya san tafiyar da na jikin injin hannu ya yi, kuma a wannan zuriya idan ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Wa'adinsa kilomita 100,000 ne, har fitila ce da shi a gaban direba. Muka sa sabo da ƙafafun da ke ɗaure shi, da sabon famfon ruwa, da sabon tamosta.

Abubuwa biyu ƙanana sun so su ba mu kunya. Na farko birki. Irin wannan injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da bustar birki ke aiki da ita kamar yadda na fetur ke yi, shi ya sa aka liƙa ƙaramin famfon zuƙa a bayan altaneta, mai shan baƙin mai ta siririn bututu. Yaron ya manta bai mayar da tiyon zuƙar ba, muka taka birki muka ji shi kamar katako. Na biyu fulogin hita. Ba duka ƙarfin wutarsu ɗaya ba: akwai masu ƙaramin bolt da ke ja nan take, waɗanda na'urar ƙidayar lokaci ke tsare su, akwai masu 11 da ke ɗaukar lokaci. Lambar na rubuce a jikin kowanne. Na jikin 5L ɗin ba su dace da tsarin motar ba, muka sayo irin na tsohon.

Muka danna famfon hannu da ke kan filtar mai har ya yi tauri, muka sassauta notin bututun nozil, muka ba shi kik har mai ya fara tsartuwa ba kumfa, muka ɗaure. Ya tashi. Sautinsa ya yi daɗi, silo ya zauna daram. Muka zagaya da ita ba kaya, allura na tsakiya. Na gaya wa mai motar ya je a sauya masa lambar inji a takardu, tun da hukumomin rajistar mota a ƙasashe da yawa suna bin wannan lamba. Ya karɓi makulli yana murna.

Kwana goma sha ɗaya ya dawo, fuska a murtuke.

"Malam, ruɓaɓɓen inji ka sa mini. Jiya a tudun nan dai ya tafasa, sai da na tsaya sau biyu ina ɗura ruwa."

Na ce, "Yi haƙuri, Alhaji. Da ka tsaya, nan take ka zuba ruwan?" Ya ce a'a, wannan karon ya jira ya huce, don wancan karon da ya zuba yana zafi ya ji wata ƙara daga ciki. Ashe akwai wancan karon. Da na bi shi a hankali, sai labari ya fito: shekara biyu ke nan motar na shan ruwa, kullum da jarka a bayan kujera. Wani ya cire tamosta, ta ɗan lafa. Wani ya zuba garin toshe yoyo a lagireto, har sau uku. An taɓa sauya gaskit aka kankare kai. Duk wannan bai ga ya kai abin faɗa ba, tun da a ganinsa ciwon tsohon inji ne, kuma an rabu da tsohon inji.

Yarona ya matso ya ce, "Oga, mu cire tamostan nan kawai, shi ke riƙe ruwa." Ban yi masa tsawa ba, don abin da ya taso yana gani ke nan. Tamosta ba ya ƙara zafi, ƙofa ce da ke rufe har inji ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe. Cire shi bai ƙara wa lagireto ko bututu ɗaya ba. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe yana aiki da sanyi, mai bai ƙone sosai ba, yana wanke bangon silinda, ringi na ci. A wasu injunan ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, cire shi sai ya ƙara dagula lamarin. Gidan tamosta da aka tarar wayam, shaida ce cewa wani ya taɓa kokawa da zafi ya rasa dalili. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu na farko da na so in sani shi ne ko mun riga mun yi asarar kan 5L ɗin. Muka ɗora kwalbar gwaji mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, wadda launinta ke juyawa in akwai iskar ƙonewa a cikin ruwa. Muka jira, gabana na faɗuwa. Shuɗi ya tsaya shuɗi.

Daga nan muka koma kan abin da ya kamata mu fara da shi tun ranar farko. Da inji ya yi zafi, na bi fuskar lagireto da ma'aunin zafi na haske. Gefe da gefe zafi, tsakiya kuwa wani faffaɗan fili mai sanyi, daidai inda fanka ke jan iska. Muka sauke shi aka buɗe tankin sama. Na haska tocila: bakunan bututun sun cike da wani abu ruwan ƙasa mai tauri, haɗin tsatsa da gishirin ruwa da garin toshe yoyon nan. Na tura siririyar waya cikin ɗaya, ba ta shiga ko tsawon yatsa ba. Muka ƙirga, fiye da rabi a toshe suke. Ta waje kuma, tsakanin fikafikan, busasshen taɓo da ƙwari sun yi daɓe. Abin da zallan ruwa ke yi ke nan a injin da gangar jikinsa da kansa duk baƙin ƙarfe ne: ruwan sanyaya inji na gaskiya ba don hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a cikinsa.

Fanka ma ta mutu a tsaye. Irin mai kuloci ce, da man silikon a ciki da nannaɗaɗɗen ƙarfe a goshi wanda ke buɗe wa man hanya idan iska mai zafi ta buge shi. Lafiyayya, idan inji ya ɗau zafi za ka ji ta kama tana gurnani. Wannan kuwa da muka kashe inji da zafinsa sai ta ci gaba da walawala ita kaɗai, na tura ta da yatsa ɗaya ta zagaya. Man ya tsiyaye tuntuni, ga sawunsa baƙi ƙura ta manne. Mu da hannunmu muka ciro ta daga tsohon inji muka ɗaura wa sabo. Kwandon da ke kewaye fanka don tilasta iska ta bi ta cikin lagireto babu shi sam, mai motar ya ce ya fashe an yar. Murfin lagireto robarsa ta tsattsage. An yi shi ya riƙe matsi kusan bar 0.9, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Murfin da ba ya riƙewa, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta bututun ambaliya, ga asalin jarkar bayan kujera. Tiyon ƙasa kuma ya yi laushi, in aka taka totur sai ya tsuke kamar ana matse shi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mota za ta iya lallaɓawa da shi a miƙaƙƙiyar hanya ba kaya. Shi ya sa gwajinmu bai nuna komai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ta hanyar ruwa yake fita a matsayin zafi, kuma injunan da ke fara ƙona mai a ƙaramin ɗaki cikin kai, irin su 3L da 5L, sun fi masu harbawa kai tsaye jibga wa kan inji zafi. A tudu da kaya, mai na shiga da yawa, mota na tafiyar hawainiya, iskar gaba ta ragu, komai ya koma wuyan fanka da lagireto. Siririn ƙarfen da ke tsakanin bawul biyu shi ke fara gajiya.

Maganar allurar da ba ta kai ja ba ma ta warware. Na'urar awon zafi ruwa take aunawa. Idan ruwa ya ragu har ta fito fili, tururi ko iska take ji, allura na iya tsayawa ko ma ta sauka a daidai lokacin da ƙarfe ke gasuwa. Mutumin gaskiya ya faɗa mini. Tsohon injin rashin ruwa ne ya kashe shi.

Shi ma sabon injin ya zo da nasa guzurin. Na lura yana baƙin hayaƙi in an taka shi, na duba famfon mai, sai na ga an ɓalle hatimin da ke kan sukurun ƙara mai. Wani ya murɗa shi a zamanin da yake jikin bas don neman ƙarfi. Injin da ba turbo iskarsa ƙayyadaddiya ce, man da ya wuce abin da za ta iya ƙonawa hayaƙi da zafi kawai yake zama. Muka kai famfon da nozil huɗu wurin mai injin gwaji. Ya mayar da man ma'auninsa, ya sauya bakin nozil biyu da ke ɗiga maimakon feshi. Da muka mayar, da agogon awo muka saita lokacin harbawa, ba da kunne ba.

Sauran aikin ba wuya: sabon lagireto, sabon kulocin fanka, kwando, murfi, tiyo sama da ƙasa. Muka wanke hanyoyin ruwa har da na hitar cikin mota sai da ruwa ya fito garau, muka zuba ruwan sanyaya inji rabi da rabi da tataccen ruwa. Na ƙara agogon zafi na dabam mai lambobi, da ƙararrawar da ke kuka in ruwa ya ragu. Tamosta na nan a gidansa.

Kuɗin kayan mai motar ya biya, ladan aikin na yafe. Ya so ya yi gardama, ganin cewa shi ya ɓoye tarihi, na ce ai bai ɓoye ba, ban tambaya ba ne. Gidan tamosta a hannuna aka miƙo shi wayam.

Wannan karon da kaya muka gwada ta, cikakken lodi, a tudun da ya kashe na farko. Ina gefe ina kallon agogo. Ya hau digiri 88, ya taɓa 93 a tsakiyar hawa, sai muka ji fanka ta kama da gurnaninta, ya tsaya nan, kafin mu kai ƙarshe ya fara sauka. Alhaji ya ce shi bai taɓa jin wannan ƙarar a motarsa ba, ko wani abu ne ya lalace? Na ce a'a, fanka ce.

Abu ɗaya ya rage da ban gama natsuwa da shi ba. Da muka dawo na sake auna matsi. Silinda uku na nan yadda suke, ta huɗu, wadda ta fi nisa da famfon ruwa, ta sauka daga 29 zuwa 27. Tana cikin iyaka, babu kumfa, ba ya shan ruwa, ba ya shan mai. Wataƙila bambancin awo ne, wataƙila kuma tabon tafasar nan biyu ne. Na rubuta lambobin huɗu a katin motar da kwanan wata, na ce ya dawo da ita bayan kilomita 10,000 mu sake aunawa.